Allurar Kaji da Ma'aunin Gwanjo

Tun da na dawo daga Konni ban sha shayi da daɗi a fadarmu ta hira ba. Kowa ya zauna sai ya ce, "Lawali, wai mi ya same ka hanya?" Wanda ya ji labarin sau uku ma tambaya yake, don ya riga ya san wurin da zai yi dariya. To, bakina ya gaji. Ga shi nan na rubuta, wanda bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa.

Ni tela ne, a wani ƙauye yamma da Illela. Matata Rabi ita ke yi wa kaji allura a garinmu. Ma'aikatan dabbobi suka koya mata, suka ba ta sirinji da 'yar kula shuɗiya ta ajiye magani da ma'aunin zafi na gilashi. Kowace shekara bayan kaka takan je ta ɗauko magani, kafin annobar nan mai murɗe wa kaji wuya ta shigo. Bana kuwa ta haihu, tana kwana ashirin cikin jego, sai ga labari ciwon ya fara kwasar kaji wajen Badagishiri. Aka nemi magani a Tawa babu. Mai kantin maganin dabbobi na Konni ya ce saura kwalba huɗu ya ɓoye mata, na gaba sai mota ta zo daga Yamai, ranar da Allah ya so.

Wanda bai zauna ƙauye ba zai ce kaza ce kawai. A wurinmu kaza ita ce sabulun mace, ita ce maganin yaro in ya kwanta, ita ke fid da mutum kunyar baƙo. Shekarar da ciwon ya share garin, kafin Rabi ta fara wannan aiki, ko zakara ɗaya bai rage ba, har ladan ya riƙa makara.

Da safe ta miƙo mini kular, ta ce, "Malam, saurara da kyau. Tsakanin biyu da takwas. Kada shi hau bisa takwas, kada shi sauka ƙasa ga biyu. Kuma kada ka auna da hannu, hannu maƙaryaci na. Abin da ma'auni yac ce shi za ka bi. In kuwa ka ga..."

Na katse ta. Na ce mutumin da ya shekara ashirin yana auna ƙugun jama'a ba a koya masa karanta lamba. Na ma yi mata ba'a, na ce ita mai zagin hannu, ga uwarta can bayan ɗaki tana gwada ruwan wankan jego da hannu, ruwan da in ka tsoma kaza sai ta fito a fige. Ta dube ni. Abin da za ta faɗa ban ji shi ba sai washegari, a bakin wata.

Amalanke ta kai ni Illela, mota ta kai ni Badagishiri, na shiga wata zuwa Konni. Kujerar mutum uku mu huɗu ne a kanta, ga rago ƙarƙashin ƙafafunmu yana cin igiyar takalmin wani. A Gidan Idder aka ƙara mana wani dillalin albasa wanda shi kaɗai ya isa kujera guda. Direba ya ce a gyara. Na gyara, na ji ƙas a aljihuna na gefe. Ma'aunin Rabi ne. Jan ruwan cikinsa ya ɓata mini farar riga, wata mata a baya ta hango ta saka salati, wai an soke ni. Sai da aka tsayar da mota aka duba ni, dillalin ya ce, "Allah shi kyauta," ya ƙara bajewa.

A Konni na zaga kantunan magani neman wani ma'aunin, duk na hammata suke da shi, wanda ba ya sauka wajen sanyi. Wani ɗan kabu-kabu ya ce in hau babur ya tsallaka da ni Illelar Najeriya, ba tamu ba, can ko nonon kaza nake nema zan samu. A kan iyaka ma'aikaci ya tambaye ni abin da zan yi. Na ce ma'aunin zafi zan saya. Ya dubi jan da ke rigata, ya ɗora bayan hannunsa a goshina, ya ce in wuce, Allah ya ba ni lafiya.

Mutanen tsallake 'yan'uwanmu ne, bakinmu ɗaya, amma komai nasu da hayaniya. Ba ka kai minti biyar a kasuwa ba ka zama Oga, ka zama Alhaji, ni da ko Agadas ban taɓa zuwa ba. Ciniki kamar faɗa, kana shirin raba su sai ka ga sun tafa. Na zauna wurin mai shayi ya ba ni kofi kamar ƙaramin bokiti, da burodinsu mai laushi da zaƙi. Namu dogon nan in ya kwana ɗaya sai ka kori ɓarawo da shi. Nasu na matse guda a hannu ya koma loma biyu, na tashi da yunwata.

A layin 'yan gwanjo na samu ma'aunin, tsakanin dutsen guga marar igiya da takalmi ƙafa ɗaya. Zagayayye ne kamar agogo, da ƙugiyar ratayewa, da allura mai nuna lamba. Allurar tana kan ɗari da huɗu.

Na ce, "Alhaji, wanga lahiya tai ƙalau? Ɗari da huɗu hwa."

Ya ce, "Oga, na Amurka na, ba shi ƙarya. Rana yas sha. Kai ma kwanta bisa kwano tun da sahe mu gani in ba ka kai ɗari ba."

Maganar ta shige ni. Akwai wani ɗan harafi, F, a ƙarƙashin allurar. Na ɗauka sunan kamfanin ne.

Na koma Konni wurin mai maganin dabbobi. Ya fito da kwalabe huɗu, maganin fari kamar nono, kowace ta kaza ɗari. Ya naɗe kowace da tsumma, ya jera uku a ƙasa, ɗaya a sama, ya sa ƙullin ƙanƙara a gefe. Ya ce ina ma'aunin Rabi. Na dafa aljihu na ce yana nan. Yana da lambar wayarta, kuma ban shirya jin muryarta a kan gilashin da na fasa ba. Sai da na je bayan tasha na zura nawa a ciki, na rufe, na ba shi ɗan lokaci.

Da na buɗe, arba'in da ɗaya.

Na sake dubawa. Arba'in da ɗaya ai shi rediyo ke faɗa da bazara, ranar da jaki ke ƙin tafiya. Na sa hannu na ji sanyi ƙarara. Amma an riga an gaya mini hannu maƙaryaci ne, ga kuma na Amurka ba ya ƙarya. Na tsine wa kular, na ce tsufa ta yi. A Tsarnawa na sayi ƙanƙara na cusa, allura ta sauka talatin da shida ta tsaya cak. A nan ya kamata in juya arewa in nufi gida. Sai na tuna da Isuhu, ɗan kawuna, taubashina, wanda ke sayar da ƙanƙara da daskararren nono a Malbaza. Na ce in akwai mai maganin zafi a ƙasar nan, shi ne. Na shiga motar gabas.

Isuhu na hango ni ya fara ihu. "Bawana! Wa ya sake ka? Kuma wa ka yanka da riga haka?"

Na ce masa ba wasa ya kawo ni ba, a sa mini kwalaben nan a firji. Ya ce wuta ta ɗauke tun hantsi, firjinsa ma addu'a yake. Ya leƙa kular, ya ga lamba, ya ce nawa ake so. Na ce takwas, ko ƙasa.

Ya ce, "Wanga duka shi ad damuwa? Ku tela ba ku san komi ba sai satar ƙyalle. Kawo gishiri."

Ashe haka suke yi ranar kasuwa in za su yini a rana. A daka ƙanƙara, a barbaɗe ta da gishiri, nono ya yini kamar dutse. Aka kawo turmi, muka daka abin da ya rage a firji, muka juye a kan kwalaben, Isuhu ya shiga madafa ya ɗauko gwangwanin gishirin matarsa ya zazzage. Muka tsuguna muna leƙe. Talatin. Ashirin da biyar. Ashirin. Duk saukar da allura ta yi sai mu yi shewa kamar masu kallon ƙwallo. Na rungume Isuhu, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara.

Matarsa Hadiza ta zo ta sa yatsa a ciki, ta fizge. Ta ce, "Ni dai ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Amma abin da ka ƙone hannu don sanyi, ban ga yadda za a ce mai ashirin ba. Ashirin ai sanyin ruwan randa na."

Na yi mata bayani cikin natsuwa cewa hannu maƙaryaci ne. Ta ce to, ta wuce. Da magariba ta kawo mana tuwon dawa da miyar kuka lami, ko ƙwayar gishiri babu. Isuhu ya buɗe baki zai yi magana, ta nuna masa kular da haɓa. Muka cinye a haka, har da sa albarka.

A shagonsa na kwana, tsakanin firji biyu matattu, sauron Malbaza na ta gaisuwa. Gari na wayewa muka nemo ƙanƙara wurin maƙwabci, muka sayo gishiri, muka sake yi. Na hau mota zuwa Dabnu allura tana kan sha huɗu. Saura shida in kai takwas. Ina jin kaina kamar likita.

A Dabnu muka zauna jiran motar arewa ta cika. Kusa da ni wata malamar lakwal ce mai tabarau, za ta Tawa, tana gyaran littattafan 'yan makaranta a kan cinya. Kowa Madam yake ce mata. Ta ga ina buɗe kula ina rufewa kamar mai gadin kuturun kuɗi, ta tambaya. Dama jira nake a tambaye ni. Na ba ta labari tun daga arba'in da ɗaya har sha huɗu, ban rage komai ba, har da dabarar gishiri, wadda na ɗan mayar tawa.

Ta ce in miƙo ma'aunin. Ta dube shi, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa.

"Malam, mi kaka yi, sana'a?"

Na ce ɗinki.

"Igiyar awonka huska nawa gare ta?"

Na ce biyu, santimita da inci.

"In mutum ya ce ƙugu nai tamanin, ka yanka mai tamanin ga huskar inci, mi za ka ɗunka?"

Na ce tanti.

Ta ce, "To, tanti ka ɗunka." Ta ɗora farce a kan harafin nan. Ta ce awon zafi iri biyu ne. Namu, wanda rediyo da asibiti ke faɗa, sunansa Salsiyus. Wannan mai F sunansa Faranhait, na Amurkawa. Ta juya bayan wani littafi ta ja layi biyu a tsaye. A namu, in ji ta, ruwa na daskarewa a zero, wato sifili, ya tafasa a ɗari. A nasu yana daskarewa a talatin da biyu, ya tafasa a ɗari biyu da sha biyu. Tafiyar ɗaya ce, mu taki ɗari, su taki ɗari da tamanin, don haka duk taki biyar namu tara ne nasu. Kuma ba wuri ɗaya muka fara ƙirga ba. In kana son mayar da nasu namu, ka cire talatin da biyu, ka raba gida tara, ka ninka sau biyar.

Ta ce in yi na arba'in da ɗaya da bakina. Fasinja duk sun juyo. Na cire talatin da biyu, saura tara. Gida tara, ɗaya. Sau biyar, biyar.

"Biyar," in ji ta. "Tsakiyar biyu da takwas. Jiya ga Konni aikinka ya yi kyau, Malam. Da ka tahi gida."

Na sha huɗu ita ta yi. Ya gaza talatin da biyu da sha takwas. Gida tara, biyu. Sau biyar, goma. Goma ƙasa da zero. Ta ce ba ita ce likitan dabbobi ba, amma ta san irin wannan magani in ya daskare ya mutu, kuma ta yi mamaki da matata ba ta gaya mini ba. Na tuna yadda na katse Rabi.

Na kwance tsummokaran. Ukun ƙasa sun zama dutse. Ta saman, wadda ke jingine da murfi, na girgiza ta na ji tana motsi. Muka zubar da ƙanƙarar gishirin a bakin hanya, aka wanke kular, direba ya sayo mini ƙulli biyu na ƙanƙara zalla. Madam ta rubuta mini a tafin hannu da biro: talatin da shida zuwa arba'in da shida. Ta ce nan ne biyu da takwas ɗina suke zaune. Dillalin nan na albasa ma da ya fasa mini gilashi ban ji haushinsa kamar yadda na ji na kaina ba.

Na sauka a Badagishiri, ita ta wuce Tawa. Kafin motar Illela ta cika ukun nan sun narke. Maganin ya rabu, mai a sama, ruwa a ƙasa, kamar miyar da ta kwana. Wani mai sayen fatu da muka taho tare tun Dabnu ya karɓi ɗaya, ya girgiza ta da ƙarfi, ya miƙo mini. Ta koma fara tas.

Ya ce, "Ka gani? Girgiza sauran. Kaza ba ta magana. In sun mutu, a ce Allah ya kawo."

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. Na girgiza su. Na naɗe mai kyan da tsumma daban, na jera su huɗu farare. Daga Illela zuwa gida, a kan amalanke, ina ta gaya wa kaina wataƙila Madam ta yi kuskure, wataƙila maganin suma ya yi ba mutuwa ba. Tsoro nake ji, ba na Allah kaɗai ba, har da na idon Rabi.

Na iso da la'asar. Ƙofar gidanmu cike da mata, kowace da akurki ko kwando, kaji na ta kuka. Wata ta rangaɗa guɗa. Rabi na zaune a kan tabarma a zaure, an ɗaura mata ɗankwali, sirinji a cikin kwano. Ta buɗe kular, ta ga baƙon ma'auni, ta dube ni. Ta ɗauki kwalba, cikin ukun nan, ta cire tsumma.

Ta farko a layi Gwaggo Tumba ce. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta na ci-rani can bakin teku, kaji uku gare ta a duniya. Ta ajiye kwandonta, ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Sannu da hanya, ɗana. Ka sha rana don mu. Allah shi yi ma albarka."

Rabi ta soka allura a bakin kwalbar.

Na ce, "Aje wagga."

Na faɗa musu duka, a tsaye, a gaban matan gari. Gilashin da na fasa, ƙaryar da na yi a Konni, ma'aunin gwanjo da lissafin Madam, gishirin Isuhu, har girgizawar Badagishiri. Ba wadda ta yi dariya, kuma na so a ce sun yi. Rabi ta jera ukun a rana ta jira, muna kallo suka sake rabuwa. Ta ɗaga ta huɗun ta duba ta da kyau, ta ce wannan tana da rai.

Kwalba ɗaya, kaza ɗari, ga kajin gari sun fi ɗari uku. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masu ƙwai za a yi wa, kowane gida biyu ko uku, zakara ɗaya a kowace unguwa. Matan suka shiga zaɓe a cikin kwandunansu, wata ta ɗauki wannan ta mayar, ta ɗauki waccan. Ni aka sa riƙo. Kowace kaza ta bi ta hannuna, kowace mai kaza ta dube ni. Na Gwaggo Tumba duka uku aka yi musu.

Da kwalbar ta kusa ƙarewa na raɗa wa Rabi cewa ba a kawo namu ba. Sha biyu ne, har da zuriyar wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta gidana. Ta ce, "Namu na ƙarshe." Saura gida biyu a layi maganin ya ƙare.

Bayan sati uku ciwon ya shigo. Waɗanda aka yi wa allura suka tsaya da ƙafafunsu, sauran suka fara zubewa. Motar Yamai ta kawo sabon magani ana kwana biyar da fara mutuwa. Namu cikin kwana huɗu suka ƙare, ɗaya bayan ɗaya, wuya a murɗe.

Ranar da ta ƙarshe ta mutu na ɗauki fartanya na zaga bayan gida, don Rabi ta hana a jefar da mushe a juji. Tun ranar allura magana tsakaninmu ba ta wuce ga tuwo, ga ruwa ba. Ina cikin haƙa na ji tafiyarta. Ta tsaya a kaina, jaririya a baya, tana kallon ramin.

Ta ce, "Malam, talatin da biyu nawa na?"

Na ce, "Zero."

Ta gyara goyo, ta ce ramin bai yi zurfi ba, kare na iya tonewa. Ta karɓi fartanyar daga hannuna.